Tsibin alewa da fuskokin Muholi: fasaha ce ko fafutuka?

Ɗalibar Zane ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda zai ba ni haske. Karatun zane-zane nake yi, kuma a zangon nan an ba mu aiki kan masu fasahar zamani da ke taɓo batun launin fata da na masu neman jinsi ɗaya. Cikin sunayen da aka ba mu akwai Rotimi Fani-Kayode, Zanele Muholi, Glenn Ligon, Mickalene Thomas da Felix Gonzalez-Torres. Na duba ayyukansu a intanet, gaskiya kaina ya kulle.

Shi Gonzalez-Torres alewa kawai ya tara a kusurwar ɗaki, wai hoton mutum ke nan. Ni da nake shan wahalar koyon yadda ake fitar da hanci da inuwar wuya, sai a ce min tsibin alewa hoton mutum ne? Sannan me ya haɗa launin fata da batun luwaɗi da maɗigo? A ganina abubuwa biyu ne daban, amma kusan kowannensu sai ya cakuɗa su. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, wannan fasaha ce ko dai fafutuka ce aka sa mata firam?

Ba fatawa nake nema ba, na san abin da addinina ya ce. So nake in fahimci abin da mutanen nan ke yi, don in rubuta abin da zan iya karewa a gaban malami.

Baba Mai Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ba malamin jami'a ba ne, kyamara ce sana'ata tun zamanin fim da ɗakin wanke hoto, don haka ta wajen masu hoto zan ɓullo miki. Zan fara da tambayarki ta tsakiya, domin in ta warware sauran za su yi sauƙi.

A 1986 wani Ba'amurke farar fata, Robert Mapplethorpe, ya fitar da littafin hotuna wanda duk maza ne baƙaƙen fata a ciki, akasari ba tufa. In dai gwaninta ce, ba mai raina hannunsa. Haskensa ya zauna daram, inuwa ba ta cin fuska sai inda ya so. Amma ki dubi abin da ya yi da mutanen. A wasu hotunan ya yanke kai, ya bar ƙirji ko baya ko cinya. A wani hoton ya ɗora mutumin a kan dandamali irin wanda ake ɗora gunki a gidan tarihi. Shi kansa Mapplethorpe ɗan luwaɗi ne, masu ra'ayin riƙau a ƙasarsa ba su bar shi ya sha ruwa ba, amma hakan bai hana shi kallon baƙar fata da idon da Turawa suka gada tun zamanin cinikin bayi ba: jiki mai ƙarfi da kyau, wanda ba a tambayar me yake tunani.

To nan abubuwa biyun suka haɗu. Saurayi baƙar fata mai neman maza a Landan ko Niyok na shekarun 1980, in ya shiga cikin Turawa irinsa, launinsa ake gani. In ya koma cikin danginsa baƙaƙe, ɗaya halin ake gani. Kowane ɓangare rabinsa yake karɓa. Ke kike ganin abubuwa biyu ne, shi kuwa a jiki ɗaya yake ɗauke da su, kuma da wannan jikin zai tsaya a gaban kyamara.

Glenn Ligon da ke cikin jerinku, haifaffen Niyok a 1960, littafin nan ya mayar wa martani. Daga 1991 zuwa 1993 ya ɓalle hotuna 91 daga ciki, ya sa kowanne a firam, ya jera su sahu biyu a bango, sannan a tsakaninsu ya jera ƙananan rubuce-rubuce: maganganun masana, na 'yan siyasa, na masu wa'azin Kirista, har da na mutanen da ya yi hira da su a mashaya. An baje shi a gidan baje kolin fasaha na Whitney da ke Niyok a 1993. Bai ƙona littafin ba, bai kuma yabe shi ba. Hana ki ya yi ki kalla hankali kwance. Da kin tsaya kina sha'awar hoto, sai wata murya daga ƙasa ta ce miki ga abin da kike yi. Akwai ma masanin fasaha Kobena Mercer da ya caccaki hotunan Mapplethorpe a 1986, bayan wasu shekaru kuma ya sake rubutu ya ce lamarin ya fi yadda ya fara ɗauka sarƙaƙiya, domin shi ma hotunan suna jan sa. Irin wannan zaman tsakanin so da ƙyama shi ne cibiyar aikin Ligon.

Amma wanda nake so ki ba lokaci shi ne Rotimi Fani-Kayode. An haife shi a Legas a 1955, gidansu manyan Ile-Ife ne, mahaifinsa Remi Fani-Kayode ya yi mataimakin Firimiyan Jihar Yamma. Bayan juyin mulkin 1966 aka tafi da shi Ingila yana ɗan shekara 11. Ya yi karatu a Amurka, a jami'ar Georgetown da kuma kwalejin Pratt, ya dawo Landan a 1983, ya rasu a Disambar 1989 yana da shekara 34. Ki ƙirga, duka-duka shekara shida ya samu yana aiki. Shi da kansa ya rubuta cewa ta fuska uku yake bare: ta wajen sha'awarsa, ta wajen rabuwa da ƙasarsa da al'adarsa, da kuma rashin zama magidancin nan mai aikin mutunci da iyayensa suka yi fata.

Shi ma maza baƙaƙe yake ɗauka, shi ma sau da yawa ba tufa, shi ya sa masu gaggawa ke cewa kwaikwayon Mapplethorpe ya yi. Ni ban yarda ba. Ki nemi hoton da ya kira Sonponnoi, na 1987. Mutum ne da aka yi wa jikinsa ɗigo-ɗigo, yana riƙe da kyandir uku masu ci, kansa ba ya cikin hoton. Sunan na abin bautar Yarabawa ne mai kula da cutar agana. Ki tuna shekarar: ƙanjamau na kashe samari a Landan, ana gudunsu yadda ake gudun mai agana a da. Ga yanke kai a nan ma, amma ma'anar ta sauya. A wurin Mapplethorpe an cire kai ne don jiki ya yi kyau. A wurin Rotimi an cire shi ne don mutumin ya bar zama wane ɗan wane, ya zama cutar da kanta, da wanda ta kama, da wutar da ake kunna wa mamaci. Bature mai kallo da bai san addinin Yarabawa ba, a wannan karon shi ne bare a gaban hoton. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma bai tsaya ga kansa ba. A 1988 shi da wasu masu hoto suka kafa Autograph, ƙungiyar masu ɗaukar hoto baƙaƙen fata a Landan, domin gidajen baje koli na lokacin ba sa waiwayarsu. Har yau tana nan, ita ce ma ke kula da ayyukansa. In malaminki ya tambaye ki ina batun al'umma a wannan fasaha, ki fara daga nan.

Batun alewa ki bar shi tukuna, zan dawo kansa.

Ɗan Gaskiya ya amsa:

Baba, da girman kujerarka, amma ka zagaye tambayar yarinyar nan ta ƙarshe. Ni matsayina a bayyane yake, addinina bai yarda da wannan rayuwa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. To amma mu ajiye wannan, mu yi maganar kasuwa.

Wa ke sayen ayyukan nan? A ina ake baje su? Landan, Niyok, Faris. A babban baje kolin Venice na 2024, shugaban zaɓen ayyuka, Adriano Pedrosa ɗan Birazil, ya fito fili ya ce cikin waɗanda zai ba fifiko akwai masu fasaha daga cikin masu neman jinsi ɗaya. To yaro mai zane a Afirka ba wawa ba ne, yana ganin inda kuɗi da suna suke. Sai ya koyi irin labarin da Turawa ke son ji, ya shafa fenti a kai. Ana cewa al'umma, al'umma, wace al'ummar? A Mayun 2014 an gwada baje irin waɗannan hotuna a Dakar, a cibiyar Raw Material Company, aka kai wa wurin farmaki, daga baya aka rufe baje kolin saboda matsin lambar ƙungiyoyin addini. Ban goyi bayan fasa wurin mutane ba, ko kaɗan. Amma hakan ya nuna maka cewa aikin ba don mutanen nahiyar ake yin sa ba.

Ƙanwata, ki rubuta abin da zai ba ki maki, amma ki sa ido kan wanda ke biya.

Yaya Mai Littattafai ta amsa:

Malam Ɗan Gaskiya, maganar kasuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai misalin Dakar bai taimake ka ba. In an kai aiki gida an rufe ƙofa, ba za a juya a zargi mai aikin da cewa a waje kawai yake nunawa ba.

Ƙanwata, ni Muholi zan yi miki bayani, don tambayar fasaha ko fafutuka a wurinsu ta fi fitowa. Na ce “su” ne saboda Muholi sun nemi kada a kira su da shi ko ita. Ba su taɓa ɓoye cewa fafutuka suke yi ba, da bakinsu suke kiran kansu ɗan gwagwarmaya da hoto. An haife su a 1972 a Umlazi, unguwar baƙaƙe a Durban, a tsakiyar mulkin wariya. Sun koyi hoto a Market Photo Workshop da ke Johannesburg, makarantar da mai hoto David Goldblatt ya kafa.

Ki riƙe wannan: kundin tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya haramta nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake sha'awa, kuma a 2006 ƙasar ta halatta auren jinsi, ita ce ta farko a Afirka. A takarda ke nan. A unguwannin talakawa kuwa ana yi wa mata 'yan maɗigo fyaɗe wai don a gyara su, ana kashe su. A 2008 aka kashe Eudy Simelane, wadda ta buga wa ƙasar ƙwallon ƙafa. Baturiya mai hali a Cape Town da baƙar yarinya a unguwar marasa galihu doka ɗaya ce ta rufe su, amma ba tsaro ɗaya suke da shi ba. Ga launin fata ya sake shigowa ba tare da an gayyace shi ba.

A 2006 ɗin Muholi suka fara jerin Faces and Phases. Hotuna ne marasa kala, mutum ɗaya-ɗaya, daga kai zuwa ƙirji ko ƙugu, yana kallon kyamara ido cikin ido. Ba tsiraici, ba jini, ba kuka. Kowa da kayan da ya zaɓa, da sunansa, da wurin da aka ɗauka, da shekara. Yanzu sun haura 500, kuma ana komawa ga mutum ɗaya bayan shekaru a sake ɗaukarsa, ki ga wadda ta yi ƙiba, wadda ta yi furfura. Matar da aka fara ɗauka ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Da aka baje jerin a gidan fasaha na Tate Modern a Landan, an bar gurabe a bango ba hoto, na waɗanda suka rasu da waɗanda ba a kai ga ɗauka ba. Muholi ba sa kiran mutanen “waɗanda na ɗauka”, abokan aiki suke ce musu, suna kuma koya wa wasunsu riƙe kyamara ta ƙungiyar Inkanyiso da suka kafa.

Ki ga yadda aka ɗauki abin da zafi a gida. A 2009 ministar al'adu ta ƙasar, Lulu Xingwana, ta fice daga wani baje koli a Johannesburg saboda hotunan Muholi, ta ce sun saɓa wa tarbiyya. A 2012 aka fasa gidansu a Cape Town aka kwashe ma'ajiyar kwamfuta sama da 20, aikin kusan shekara biyar. Wanda yake yi don Turawa kawai, ba a bin sa har ɗaki a sace masa hotuna.

Shin fasaha ce? Ki buɗe ɗaya jerin, Somnyama Ngonyama, inda Muholi suka juya kyamara kan kansu. Mahaifiyarsu Bester ta yi sama da shekara 40 tana aikatau a gidan Turawa. Sai ki ga Muholi sun ɗaura sosan ƙarfe na wanke tukunya a ka, ko sun jera maƙalan shanya a gashi da kunne, sun tsaya da ƙasaita. Daga nesa sarauniya ce da kambi. Sai kin matso ki gane kayan wanke-wanke ne. Takardar koke ba ta iya yi wa ido wannan dabara.

Baba Mai Hoto ya amsa:

Madalla, 'yar'uwa, kin sauke min rabin kaya.

Ɗana Ɗan Gaskiya, ban zagaye ba, a hankali nake tafiya. Kasuwa kam akwai ta, kuma tana lalata hannu. Zan ba ka misali daga manya ma, ba yara ba. Kehinde Wiley, haifaffen Amurka a 1977 wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya fara da dabara mai kaifi: ya tsayar da samari baƙaƙe a titi, ya zana su a irin tsayuwar sarakuna da janar-janar na tsofaffin zanukan Turai. Akwai na 2005 inda ya sauke Napoleon daga kan doki ya ɗora baƙin saurayi da kayan sojan gwanjo da takalmin unguwa. A karon farko abin yana girgiza mutum. Shi ne kuma ya zana Barack Obama a 2018, zaune a kujera cikin ganye. Amma a ganina dabarar ta zama tambari. In ka ga goma ka ga ɗari: furanni a baya, ƙyalli a fata, haɓa a sama. Wannan ra'ayina ne, masu son sa ba su da iyaka.

Sai dai kasuwar nan ba a kan waɗannan ta fara ba. Masu zanen Italiya na da ma abin da fafaroma da attajirai ke so suke zanawa, cikinsu aka samu gwanaye aka samu 'yan cika bango. Wanda ya biya ba shi ke nuna ko aiki ya yi ba. Ni gwajin da nake yi shi ne in rufe rubutun da ke gefe da hannu, in tsaya in ga ko abin zai riƙe ni.

Mickalene Thomas tana riƙe ni, ko da yake ƙyallinta ya yi min yawa wani lokaci. A 1863 mai zane Manet na Faransa ya zana mace tsirara zaune a ciyawa tare da maza biyu sanye da kwat. A 2010 Thomas ta sake zanen: mata uku baƙaƙe, duk da suturarsu, ba namiji ko ɗaya, an yi musu ado da duwatsu masu walƙiya, su ukun sun zuba wa mai kallo ido. Matan da take zanawa ba baƙi ba ne, mahaifiyarta ce, ƙawayenta ne, masoyanta ne. Mace ce ke kallon mace, kuma ana jin hakan a yadda suke zama, ba sa gyara jiki don wani.

Salman Toor, haifaffen Lahore a 1983, ya fi shiga raina. Zanukansa ƙanana ne, launin kore ya mamaye su. Samari ne masu launin ƙasa a ƙananan ɗakuna, suna rawa, suna duba waya, ɗaya ya jingina da kafaɗar ɗaya. Sai kuma ka ga irin saurayin nan shi kaɗai a filin jirgi, an baje masa tarkacensa a tebur ana bincike. A ɗaki yana da mutane, a bakin iyaka fasfonsa da launinsa kawai ake gani. Ba sai an rubuta maka komai ba.

Sannan ka ce labarin da Turawa ke son ji. Toyin Ojih Odutola, haifaffiyar Ile-Ife a 1985, ba labarin wahala take sayarwa ba. A baje kolinta na Whitney a 2017 ta ƙirƙiri gidajen sarauta biyu na Najeriya da suka zama ɗaya ta auren 'ya'yansu maza biyu, ta zana su da gawayi da alli cikin dukiya da hutu, ba mai neman a tausaya masa. Ka dubi yadda take gina baƙar fata layi bisa layi har ta zama tana motsi. Wannan hannu ne, ko da me mutum ya yarda.

Akwai kuma waɗanda ba zaɓi ne ya kai su waje ba. Leilah Babirye ta Yuganda, jarida ce ta fallasa ta a 2015, ta bar ƙasar, Amurka ta ba ta mafaka a 2018. Da itace da yumɓu da tarkacen da take tsinta a titi, sarƙar keke, tayoyi, gwangwani, take sassaƙa manyan kawuna, tana raɗa musu sunayen dangogin masarautar Buganda ta ƙasarta, wato tana mayar da waɗanda aka kora cikin zuri'a. A 2023 ƙasarta ta ƙara tsananta doka har da hukuncin kisa a wasu laifukan. Ka faɗa min a wane gari na Yuganda za ta baje su.

Ɗalibar Zane ta amsa:

Na gode Baba, na gode Yaya, Allah ya ƙara basira. Malam Ɗan Gaskiya, kai ma zan sa maganarka a rubutun, don malaminmu yana son a kawo suka.

Amma Baba, gwajinka fa? In na rufe rubutun gefe, tsibin alewar nan alewa ce kawai. Ke nan ya faɗi jarrabawarka? Sannan na lura fatar Muholi a hotunan kansu ta fi ta sauran hotunansu baƙi sosai. Shafa wani abu suke yi?

Baba Mai Hoto ya amsa:

Kin iya tambaya, 'yata. Alewar ba da ido ake gwada ta ba, da hannu ne, shi ya sa hoton intanet ya cuce ki.

Felix Gonzalez-Torres ɗan Kuba ne, an haife shi a 1957. Abokin zamansa Ross Laycock ya rasu da ƙanjamau a 1991, a shekarar Felix ya yi aikin alewar. Nauyin alewar laba 175 ne, kusan kilo 79, wanda ake dangantawa da nauyin Ross lokacin yana da lafiya. An yarda duk wanda ya shigo ya ɗauki ɗaya. Kina ɗauka, na bayanki na ɗauka, tsibin na ramewa a gaban idonku, ku ne kuma kuke ramar da shi. A lokacin mutane na tsoron ko gaisawa da mai cutar, shi kuwa ya sa su saka “jikin” a baki, su ji zaƙi. Sannan masu kula da wurin su sake cikawa, mutumin ya dawo, a sake cinye shi. Ki nuna min fentin da zai yi wannan. Shi ma Felix cutar ce ta kashe shi a 1996.

Akwai kuma wayo a ciki. A 1989 wani gidan baje koli a Washinton ya soke nuna hotunan Mapplethorpe saboda hayaniyar 'yan majalisa irin su Sanata Jesse Helms, a 1990 kuma aka gurfanar da shugaban wani gidan a Cincinnati kan nuna su, kotu ta wanke shi. Felix ya ga haka, sai ya ƙi ba su abin kamawa. Ya rataya agogon bango biyu iri ɗaya kafaɗa da kafaɗa, an saita su lokaci ɗaya, a hankali ɗaya zai fara saɓa wa ɗaya, wata rana batirin ɗaya ya riga mutuwa. Ya sa hoton gado ba kowa, da shatin kai biyu a kan matasai, a manyan allunan talla 24 a Niyok. Ya taɓa faɗin cewa zai yi wa ɗan majalisa wuya ya ɗaga irin waɗannan abubuwa a gaban masu zaɓensa ya ce ga batsa.

Duk da haka kin taɓo wuri mai ciwo, domin sunan Ross yana cikin sunan aikin, kuma in aka cire labarin an rage wani abu. A 2022 an yi ta ce-ce-ku-ce lokacin da aka lura gidan fasaha na Shikago, inda aikin yake, ya sauya rubutun gefe ba tare da ambaton ƙanjamau ba. Masu suka suka ce an sake binne mutumin. Wasu suka ce ai Felix da kansa ba ya son a ɗaure aikinsa da fassara ɗaya. Wannan gardamar kaɗai ta ishe ki shafi biyu.

Batun fatar Muholi kuwa, bayan an ɗauka ne ake yin sa. Suna ƙara tazarar da ke tsakanin haske da duhu wajen gyaran hoton, sai fata ta nutse ta yi baƙi ƙirin, farin ido ya fito tar. Don ki gane nauyin hakan sai kin san tarihin sana'armu. Tun shekarun 1950 masu wanke hoton kala suna daidaita injinsu da wani kati na Kodak da ake kira Shirley, hoton Baturiya ce a kai. Fatarta ce ma'auni. In aka ɗauki baƙi da fari a hoto ɗaya, fuskar farin ta fito, ta baƙin ta narke sai haƙora da ido. Binciken da aka yi kan lamarin ya nuna cewa cikin waɗanda suka matsa a gyara har da masu tallar cakulan da kayan katako, da suka ga launin hajarsu ba ya fita. Sai a shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launi daban-daban. Wato duhun da injin ke jefa baƙar fata a ciki bisa rashin kula, shi Muholi suka ɗauko da gangan suka ƙara masa, ba tare da sun bar ko layi ɗaya na fuska ya ɓace ba.

Ki gwada da wayarki. Ki zaunar da ƙawarki kusa da taga, hasken ya zo ta gefe ɗaya, ki mayar da hoton marar kala, ki riƙa ƙara duhun a hankali har ki ga inda kumatu ke fara ɓacewa. Daidai wannan gaɓar suke tsayawa, kuma za ki ga ba sauƙi.